Fitilun da Dogo Bai Gama Haɗawa Ba

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun dawo gida daga asibiti. Ƙanin mijina, Ƙarami, da direban motar asibiti ne suka cicciɓe shi da kujerarsa mai taya suka haye matakala ukun bakin ƙofa. Shi kuwa ya rufe ido har aka gama, kamar ba da shi ake ba. A falo na gyara masa gado, kusa da taga, don ƙofar ɗakinmu ta yi wa kujerar ƙunci. Inna, mahaifiyarsa, ta zo da akwatinta, ta ce tana nan sai abin da hali ya yi.

Wannan littafin na shirya darasi ne, daga makaranta na ɗauko shi. Ba ni da wanda zan faɗa wa, to bari in faɗa wa takarda. A nan zan kira shi Dogo, yadda abokansa ke kiransa, tunda ba mai ji na.

Ya sha rabin kofin shayi. Bai ce komai ba.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe biyu

'Yan dubiya sun cika falo. Ya so ruwa, ya buɗe baki, sai “cokali” ta fito. Ya sake gwadawa, ita ce dai. Wata ta yi “wayyo Allah” da ƙarfi, wata ta sa gefen mayafi a ido. Ya juya fuska ga bango. Tun daga nan bai ƙara gwadawa ba.

Mutumin da in ya fara labari sai abinci ya huce.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe goma na safe

Bokiti na shiga nema a gareji. Rabona da wurin tun ranar da ya faɗi a ciki.

Komai na nan yadda yake. Babur na tsaye a kan ƙafarsa ta tsakiya, an cire murfin gabansa an kifa a kan tsohuwar taya, wayoyi sun zubo kamar hanji. Ga filaya a kan kujerar babur, ga salatif rataye a madubi, ga kofinsa shayin ya bushe a ciki. Ban dubi ƙasa ba, wajen tayar gaba. Na san wurin, ba sai na duba ba.

Na manta da bokitin. Inna ta tambaye ni, na ce babu.

Alhamis, 7 ga wata, bayan la'asar

Abin da yake gyarawa ke nan, bari in rubuta kada in manta. Babur ɗin nan na doguwar tafiya ne, yana da babbar fitila a tsakiya da ƙanana biyu a gefe. Muddin babbar na kan dim, na gefen suna ci. Da ka ɗaga ful don ka hangi nesa, sai su mutu. Haka kamfani ya haɗa shi, kuma shekara uku ke nan abin na ci wa Dogo rai.

Duk hutun da ya samu a gidan buga littattafai, hanya muke kamawa. Mukan fita kafin gari ya waye, ina bayansa, hannuna a aljihun rigarsa saboda sanyi. Ya dinga ɗaga murya ta cikin hular kwano: “Malama, dubi rashin hankali! Na ga nesa, na rasa kusa. To awaki da ramuka a nesa suke?” In ce ban ji ba. Ya maimaita. In sake cewa ban ji ba, alhali na ji sarai, so nake ya yi ta yi.

Ranar da ya faɗi, da safe ya ce mini, “Yau sai na ga bayan fitilun nan kafin ki dawo daga makaranta.”

Ya ci rabi.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

Ƙarami ya zo. Ya ja ni kicin, yana sosa ƙeya.

“Matar Yaya, ina ganin a kawar da babur ɗin nan. In ya gan shi ciwo zai ƙara masa.”

Na ce, “A kawar zuwa ina? Gabansa a buɗe, wayoyi a waje?”

“Sai a tura shi a hau da shi mota.”

“Ba mai taɓa shi sai an rufe shi yadda mai shi ya so.”

Ya ce to wa zai rufe? Na ce ni. Ya yi dariya har da riƙe ƙofar firji, ya ce ashe a makarantar tamu har kanikanci ake koyarwa. Na ce shekara goma sha ɗaya ina koya wa yara batir da ƙwan fitila, yau zan ga ko gaskiya nake faɗa musu.

Da bakina na faɗa. Bayan ya tafi sai da na zauna.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe uku

Bai ci ba.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe biyar

Na koma aiki. Shugabar makaranta ta rage mini aji biyu, Allah ya saka mata. Da aka tashi na bi ta shagon Mai Wuta, abokin Dogo da ke gyaran wutar motoci. Shagon ba wurin aje ƙafa: batura jere a ƙasa, tsofaffin fitilu rataye a ƙusa, rediyo na ta surutu ba mai saurarensa. Da ya gan ni ya kashe rediyon, ya goge benci da hularsa.

“Malama, yaya mai jiki?”

“Da sauƙi.”

Bai ƙara tambaya ba, na kuwa gode masa a zuci. Na nuna masa wani kwali da na tsinta a kan tankin babur, Dogo ya yi zane a jiki da jan biro. Ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana kallo.

“Rubutun mutumin nan sai shi. Amma na gane inda ya dosa. Kin ga, fitilun gefen nan daga wayar dim suke karɓar umarni. In an ɗaga ful, dim ta mutu, su ma su bi ta. Abin da yake so shi ne ya raba su da ita, ya haɗa su da wayar 'yar fitilar fakin, wadda ke ci muddin makulli na kunne. Shi ke nan, ko ful ko dim, ba ruwansu.”

Ya ce in bari gobe ya zo, aikin rabin awa ne. Na ce a'a, koya mini zai yi. Ya dube ni, ya dubi hannuna da ke fari fat da alli. Ya buɗe durowa ya ɗauko testa, wata 'yar sukundireba mai ƙwai a gindi, ya miƙo mini.

“In kin taɓa waya mai wuta za ta yi haske. Kafin ki yanke komai, ki cire kan batir. Kin ji ko? Kafin komai.”

Talata, 12 ga wata, ƙarfe shida saura

Awa biyu ina tsugune. Wayoyi goma sha huɗu, kowace da launinta, wasu ƙura ta mayar da su ɗaya. Na gano ta dim, na gano ta ful. Ta fakin ta ɓuya.

Garejin warinsa yake yi. Man inji da sabulun nan nasa mai ƙamshin lemo. A falo yanzu warin magani ne kawai. Shi ya sa nake daɗewa, ina ji.

Inna ta tare ni a bakin famfo ina wanke baƙin hannu. “'Yar nan, mijinki na kwance kina can kina wasa da ƙarfe?” Na ci gaba da cuɗa hannuna. Ita ke juya shi, ita ke shafa masa mai a hannun daman da ya shanye, tana yi masa 'yan waƙoƙin da ta yi masa yana goye. Ni in na zauna kusa da shi, sai ya rufe ido.

Ita yana bari ta gan shi. Ni ce ba ya so in gani.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe huɗu

Na kai masa kwalin. Na durƙusa gefen gado na ce, “Maigida, nan me ka rubuta? Shuɗi ne ko ruwan ƙasa?”

Ya kalli kwalin. Ya kalli faratuna, da baƙin da ya ƙi fita. Ya sa hannun hagu ya karɓa, na ɗauka nuna mini zai yi, sai ya yi jifa da shi. Bai ma yi nisa ba, a kan ƙafarsa ya faɗo, ƙafar da ta shanye. Ya yi ta kallonsa a wurin, ba halin ya ture.

Na ɗauke na fita. A banɗaki na sake famfo don kada Inna ta ji.

Alhamis, 14 ga wata

Ban shiga gareji ba.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Mun koma asibiti. Ba zan rubuta ba.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe ɗaya

Benci ɗaya, baranda ɗaya, mai shara ɗaya da wancan karon. Ta gane ni, ta ce, “Ke ce kuma?” Likita ya yi magana mai tsawo, na riƙe kalma biyu: ba sabon ciwo ba ne, kuma samun sauƙi sai ya so da kansa.

Wani ya wuce a babur ta bayan katanga, irin ƙarar nasa. Na miƙe tsaye kafin in tuna.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe biyar

Gida. Ya ci cokali huɗu.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe shida

Na samu wayar fakin, shuɗiya ce. Don murna ban tsaya tunani ba, na cire kan batir, na yanke, na ɗaura fitilun gefen a kanta kai tsaye, na naɗe da salatif, na mayar da batir, na murɗa makulli. Suka yi wal sau ɗaya. Na ji ɗan “tas”, komai ya mutu, har agogon gaban babur.

Na zauna a ƙasa. A daidai wurin nan na zauna, sai daga baya na lura. Siminti ne kawai, da ɗigon mai. Kwana ashirin da wani abu ina tsoron siminti.

Na kira Mai Wuta. Ya ce, “Fis ne ya ƙone, Malama, ba ki kashe kowa ba. Kin ɗora wa siririyar waya kayan da ya fi ƙarfinta. Akwai wani ɗan baƙin akwati mai ƙafa huɗu, rile sunansa, shi ya kamata ya ɗauki nauyin. Duba zanen mutuminki, yana ciki.”

Na duba. Akwatuna uku ne a zanen, ba wanda ke da suna.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe biyar

Yau da gangan na yi. Na shimfiɗa kwalin a teburin falo, inda idonsa zai kai, na ɗauko takarda ina kwafa da fensir, ina magana da kaina kamar ina gaban allo. “Wannan daga batir, ta shiga nan. Wannan shuɗiyar kuma, bari in kai ta nan.” Na kai ta inda na san ba daidai ba ne. Na ja layin a hankali, na ƙara masa kauri.

Na ji gado ya motsa.

Ban ɗaga kai ba. Na ce, “Yauwa, haka ne,” na fara wani layin, shi ma a karkace. Sai na ji ya bugi ƙarfen gadon da hannu. Na duba, fuskarsa a murtuke, irin murtukewar da yake yi in direba ya sha gabansa ba sigina. Rabona da wannan fuskar! Na kai masa takardar a kan tire, na sa masa fensir a hagu. Fensirin ya faɗi sau biyu. Layin da ya ja kamar tafiyar tsutsa, amma ya soke nawa, ya kai shuɗiyar ga ƙaramar ƙafar akwatin tsakiya, ya kewaye akwatin har takarda ta huje.

Na ce, “Wannan ne rile ɗin?”

Ya ɗaga gira, irin ta “sai yanzu kika gane?”

Ya ci duka. Inna ta dubi kwanon, ta dube ni.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Na sayo fis. An ɗauke wuta, garejin ya yi duhu, ga rile ɗin can ciki bayan babbar fitila. Ina ta fama da tocila a baki, sai na ji an zare ta. Inna ce.

“Ina zan haska?”

Ta ja tsohuwar taya ta zauna, ta riƙe tocilar da hannu biyu kamar jariri. Can ta ce, “Yana shekara tara ya kwance rediyon babansa gaba ɗaya, wai yana neman mutanen da ke ciki. Da ya mayar, sai ga sukurori biyar sun yi saura. Ya zuba su a tukunyar miyata don kada a gani.”

Na yi dariya har filaya ta suɓuce. Ita ma ta yi, hasken na ta rawa a rufi. Daga nan dariyar ta juye mata, na bar ta ta gama, ina ta ɗaure waya kamar ban ji ba.

“Haska nan, Inna.”

“To, 'yar nan.”

Ban kunna ba. Na haɗa komai, har da ɗan makunnin kashe na gefen, na naɗe, na bar makullin a aljihu. Ba ni ce zan kunna ba.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe uku

Ya ƙi. Na ce mu je gareji, ya juya ga bango.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ya ƙi. Na aje makullin a kan tire kusa da kofinsa, na tafi kasuwa. Da na dawo babu shi a tiren. Yana cikin hannunsa, a dunƙule.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe biyu

Ƙarami da Mai Wuta ne suka sauko da shi. Wannan karon idonsa a buɗe. Muka tura kujerar har gefen babur, Ƙarami ya ja ƙofar garejin don duhu ya samu. Mu biyar a ciki, ba mai ganin fuskar wani sosai.

Ya daɗe kafin makullin ya shiga. Ƙarami ya miƙa hannu zai taimaka, Inna ta buge hannun. Ya murɗa. Bango ya yi haske, dim da na gefe biyu. Wannan ba sabo ba ne. Makunnin ful a hannun hagu yake, Allah ya taimake mu. Ya ɗora babban yatsa a kai, ya tsaya.

Ya danna.

Hasken tsakiya ya yi tsalle ya hau sama, na gefen suna nan daram, suna haska ƙasa har tsohuwar taya da tsintsiya da bokitin da na zo nema. Ya mayar dim. Ya ɗaga ful. Ya mayar. Ya fi sau goma. Sai ya buɗe baki da ƙarfi ya ce, “Cokali!”

Ba wanda ya san abin yi. Sai Mai Wuta ya ce, “Wallahi kuwa, cokali ne babba!” Dogo ya fashe da dariya, da rabin baki, hawaye na zuba, yana bugun tanki da tafin hannu. Muka bi shi duka.

Kafin mu fito ya jawo ƙullin wayata ya duba da tocila. Ya girgiza kai, wai salatif ya yi yawa. Mai Wuta ya ce, “Rabu da shi, Malama, hassada ce.”

Talata, 26 ga wata, ƙarfe biyar

Na ɗauka daga ranar komai zai sauya. Jiya bai ci ba, ya yini yana kallon taga. Yau ma rabi.

Ina kewar bayansa. Ban san yadda zan faɗe shi ba sai haka. Faɗin bayan nan da ke tare mini iska, in kwantar da kai in yi barci muna tafiya, shi yana ta magana shi kaɗai. Yanzu ni ke tsayawa a bayansa, ina tura kujera, ina kallon tsakiyar kansa. Ashe furfura ta fito masa a wurin, ban taɓa gani ba. Ya fi ni tsawo.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe shida

Ƙarami ya zo gaishe shi. Zai tafi, Dogo ya kama masa riga, ya buɗe masa tafin hannu, ya sa makullin a ciki ya dunƙule masa yatsu.

“Yaya, a'a. Wallahi ba haka nake nufi ba. Yana nan yana jiranka.”

Dogo ya nuna hanya ta taga, ya yi da hannu, tafi. Ƙarami ya dube ni. Na so in ce a'a. Sati ɗaya da rabi ina tsugune gaban abin nan, na ƙone yatsa, na karya farce, don wani ya hau? A cikin raina na san ni da Dogo na gyara wa, kuma na san ba yau ba ne, wataƙila ba gobe ba. Na dubi Dogo. Ba tambayata yake ba, amma jirana yake.

Na ce, “Karɓi. In ka haɗu da mota ka kashe na gefen, makunninsu na nan, kada ka makantar da bayin Allah. Kuma in ka taɓa mini wayata sai na sani.”

Ƙarami ya fita yana share fuska da hula.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ɗazu Ƙarami ya zo ya ɗauki babur ɗin. Muka fito da Dogo baranda. Injin ya ƙi tashi sau biyu, a na uku ya kama, ƙarar ta cika gidan har cikin haƙarƙarina. Rana ta kusa faɗuwa. Ƙarami ya fita a hankali, ya kai ƙarshen layi, ya juyo ya fuskance mu, ya ɗaga ful. Uku reras. Sannan ya karya kwana.

Muka zauna har ƙarar ta ɓace. Inna ta shige ciki, wai ta bar abu a wuta.

Sai Dogo ya ce, “Takalmi.”

Na miƙo masa ruwa. Ya kawar da kai. Na ce sanyi yake ji, in kawo bargo? A'a. Ciki za mu koma? Ya ja tsaki, ya kama hannuna ya matse, ya nuna ƙafafunsa.

“Ta-kal-mi.”

Takalmin yake nufi.

Da gudu na shiga, na rasa inda na kai su, sai a ƙarƙashin gadonmu, sun yi ƙura. Na durƙusa na sa masa, na dama ya ba ni wuya. Ya dafa kafaɗata, ya dafa ginshiƙi, ya yunƙura. Nauyinsa duka a kaina, na ce a raina ko za mu faɗi sai dai mu faɗi tare. Daga kujera zuwa bakin matakala, taku bakwai. A nan ya tsaya yana haki, haɓarsa a kan kaina.

Kafaɗata na ciwo har yanzu, da ƙyar nake riƙe biro. Ya hana a cire masa takalman. Inna na can tana yi masa faɗa, wai ba a cin abinci da takalmi a gado.